Ku Tambaya Mu Amsa: Kwagirin Kaka, Dukiya Ne Ko Itace Ne Kawai?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tunda na taɓo maganar tsofaffin kwagiri a fitowar da ta wuce wayata ba ta huta ba wallahi, hotuna kawai ake turo min, wannan sandar kakansa wancan ta surukinsa, har da wani bawan Allah da ya turo hoton taɓarya wai in duba masa ko ta zamanin da ce. Na tsamo guda shida daga ciki, saura sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kakana yayi akawu a wani kantin Turawa a Kano zamanin dalar gyaɗa, da baturen zai koma gida sai ya bar masa kwagirinsa, yanzu yana hannuna. Jikinsa ruwan zuma ne kuma bashi da nauyi, a wuyansa akwai wani zobe da yayi baƙi da wasu 'yan zane ƙanana a jiki. Inaso in kaiwa kafinta ya goge min shi da samfefa ya shafa masa abun ƙyalli sannan in nemi mai saye, ya ka gani? Daga wani ɗan'uwa a Fagge, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa don girman Allah kar ka kai shi wajen kafinta. Ka ajiye samfefar nan tukuna ka saurare ni. Wannan duhun da kake gani a jikinsa kana cewa datti ne, ai shi ne gumin hannun baturen da na kakanka na shekara da shekaru, kuma masu tara irin waɗannan kaya shi suke fara dubawa, ranar da aka kankare shi to ka maida tsohon kwagiri sabo da hannunka kuma babu mai dawo maka da shi.

Yanzu ga aikin da za ka yi. Ka fita da shi tsakar gida da rana, ka buɗe kyamarar wayarka ka matso da ita kan zoben nan ka zuƙo hoton sosai. Waɗannan 'yan zanen da ka ce, in dai zoben azurfar Ingila ne, to tambari ne, kuma kowanne da maganar da yake yi. In ka ga zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba, wannan shaida ce cewa azurfa ce ta gaske, kashi 925 cikin 1000. Kusa da shi akwai alamar garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan ne, kambin sarauta na Shefil ne kafin 1975, anka kuma irin wadda jirgin ruwa ke jefawa ya tsaya ta Bamingam ce, abun dariya ma garin ko kusa da teku ba ya, amma tun 1773 da aka buɗe ofishin gwajin azurfarsu da ita suke aiki. Sai harafi guda ɗaya tilo a cikin ɗan gida, shi ne shekara, duk shekara canza shi ake yi, in haruffan suka ƙare a sake salon rubutun da siffar gidan, akwai jadawalinsu a intanet kyauta, ka daidaita naka da nasu shikenan ka san shekarar da aka buga zoben. In kuma ka ci karo da kan Sarauniya Biktoriya tana kallon hagu to kafin 1890 ne, don a shekarar aka daina buga wannan alamar ta haraji. Amma in abin da ka gani EPNS ne, to sai haƙuri, ruwan azurfa aka yi wa wani ƙarfe, ba laifi ba ne amma farashinsu ba ɗaya ba.

Jikin kuma da ka ce ruwan zuma ne mara nauyi, ina kyautata zaton malaka ne. Wani irin tsiro ne mai yaɗo dangin kwakwa da ke fitowa a dazukan Malesiya da Sumatra, ya samo sunan daga tashar jirgin ruwan Malaka inda ake lodinsa zuwa Turai. Ka murza shi tsakanin yatsunka a hankali, na gaske ba ya zama mulmulalle sumul, za ka ji wani ɗan tudu kamar ƙashin baya ya bi tsawonsa daga sama har ƙasa. Wanda aka samu doguwar gaɓa ɗaya babu ƙulli a tsakiya shi ne ya fi tsada tun a wancan zamanin.

Kar ka manta ka juya shi ka dubi ƙafar. Ƙarfen da ke ƙasan yana ba da labari, na ƙarni na 17 da na 18 dogo ne sosai saboda titunan Turai a lokacin taɓo ne da kashin doki, da aka fara shimfiɗa hanya sai ya dinga gajarta. Kuma ya kamata ka ga ya cinye ta gefe guda, yadda dugadugan takalmi ke ci, wanda aka ce ya shekara ɗari amma ƙasansa fes kamar jiya aka ƙera shi to akwai magana.

Batun sayarwa kuwa gaskiya ɗaya ce, irin waɗannan kwagiri an yi su birjik a Ingila ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kowane ɗan akawu da nasa, shaguna irin su James Smith & Sons da aka kafa tun 1830 kuma har yau yana nan a Landan sun sayar da iyakar sayarwa, saboda haka kar ka sa ran kuɗin fili. Abin da zai ɗaga naka shi ne in akwai suna ko shekara da aka zana a zoben, ko tsohon hoton kakanka riƙe da shi, ko takardar aikinsa. Ka je wajen tsofaffin gidanku tun suna raye ka rubuta sunan baturen da kantin da shekarar, ka haɗa da kwagirin ka ajiye wuri guda.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ina zaune a Landan ne, mahaifina Allah ya jiƙansa ya bar wata sanda a gida Katsina mai farin kai wai hauren giwa ne, yayyena sunce in taho da ita nan in sayar tunda ance tafi daraja a Turai sai a raba kuɗin. Ta yaya zan gane ko haure ne da gaske, kuma ba matsala in sakota a akwati? Daga wata Hajiya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Hajiya akwai matsala kuwa, babba ma. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, Najeriya na ciki Birtaniya na ciki, tsallaka iyaka da shi ba takarda laifi ne ko da na gado ne. Sannan ita Birtaniya ta ƙara da tata dokar ta 2018 wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana saye da sayar da kayan haure kusan gaba ɗaya komai tsufansu, hukuncin yana kaiwa tarar fam 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Akwai 'yar ƙofa da aka bari, kayan da aka yi kafin 1947 kuma hauren da ke jiki bai kai kashi 10 cikin 100 na girman abun ba, shi ma sai an yi masa rajista. To ki duba, ke kina neman a raba gado ki je ki kwana a hannun kwastam. Mu nan gida ma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja, kowa na kallo. Shawarata ku bar ta a gidan, ajiyewa daban sayarwa daban, a yi mata ƙima a cikin gado wani daga cikinku ya riƙe.

Ganewa kuwa ba wuya. A sa fitilar waya a kan inda aka yanke kan, wato saman ƙoƙon, hauren giwa yana da wasu siraran layuka da suka gitta juna kamar saƙar raga, babu dabbar da ke da su sai giwa da danginta. Ƙashi kuma za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe da 'yan tsagogi, hanyoyin jini ne da datti ya cike. Akwai kuma roba ta da wadda aka fara yi tun wajen 1870 musamman don a kwaikwayi haure, ita layukanta a miƙe suke reras sun cika tsari, kuma ba ta da nauyi ba ta da sanyi a kumatu. In wani ya ce a gasa allura a soka a gani kar ku yarda, in haure ne kun ɓata shi, in tsohuwar robar nan ce tana iya kamawa da wuta.

TAMBAYA: Oga ni fa abun nan dariya yake bani, sanda dai sanda? Wai mutum da hankalinsa ya ɗauki miliyoyi ya sayi itacen da wani ya gama dogarawa. Ku faɗa mana gaskiya ko dai wankin kuɗi ne. Daga wani matashi a Samaru, Zariya.

AMSA: Hhh ƙanena ka burge ni, ai gara mai faɗin abin da ke ransa. To zo in tambaye ka, a 1922 da Howard Carter, wani Bature mai tonon kayan tarihi, ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar ya tarar da sanduna kusan 130 a ciki, wasu da zinare wasu an sassaƙa surar abokan gaba a mariƙinsu, daga baya da likitoci suka ɗauki hoton gawar sai aka ga yaron yana da lalura a ƙafa. Sandunan nan su suka taimaka aka gane cewa sarkin da ake zanawa a kan keken yaƙi ɗingishi yake yi. Wannan itace ne kawai?

Ko ka ɗauki ta Benjamin Franklin na Amurka. Wata basarakiya ce ta ba shi lokacin yana jakada a Faransa, kanta na zinare an yi shi da siffar hular 'yanci, da ya zo rubuta wasiyya a 1789 sai ya ce a bai wa abokinsa George Washington, har ya ƙara da cewa ko da sandar sarauta ce ya cancance ta. Tana nan a gidan tarihin Smithsonian a birnin Washinton, hannun mutum biyu da suka kafa ƙasar duk ya bi ta kanta.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta ranar 22 ga Mayun 1856. Wani sanatan Amurka mai suna Charles Sumner daga jihar Masacusets ya yi jawabi mai zafi yana la'antar bauta, ya haɗa da cin mutuncin wani sanatan Kudu, sai ɗan'uwan wancan, ɗan majalisar wakilai Preston Brooks daga Karolina ta Kudu, ya shigo zauren majalisar dattawa ya same shi zaune yana rubutu a teburinsa ya rufe shi da duka a ka da kwagiri mai kan zinare, teburin a kafe yake da ƙasa mutumin ya kasa miƙewa, ya dinga jibgarsa har kwagirin ya kakkarye shi kuma ya faɗi cikin jini. Sumner ya yi wajen shekara uku bai koma aiki sosai ba. Shi kuwa Brooks tarar dala 300 aka ci shi, mutanen Kudu suka dinga aiko masa da sabbin kwagiri kyauta, gutsattsarin wanda ya karye kuma aka yi zobba da su ana sawa ana alfahari. Shekara biyar bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke. Ragowar kwagirin yana Boston a ajiye, wanda ya tsaya gabansa ya ga yadda ƙasa ke rabewa biyu tun kafin a harba bindiga.

Akwai ma ta ban sha'awa, a 1909 mai jaridar Boston Post ya sa aka yi kwagiri 700 da baƙin katako dangin kanya da aka ɗauko daga Kwango, aka sa musu kan zinare aka raba wa garuruwa, kowane gari a bai wa dattijon da ya fi kowa tsufa, in ya rasu a miƙa wa na bayansa, mata sai 1930 aka sa su ciki. Talla ce fa kawai ta sayar da jarida. Jaridar ta daɗe da mutuwa amma har yau akwai garuruwan da ke miƙa kwagirin, wasu tsofaffin ma ƙin karɓa suke wai kamar ana kiran musu ajali.

Saboda haka ƙanena abin da ake saye shi ne waye ya riƙe kuma ina shaida. Inda nake tare da kai shi ne, cikin kowace sanda goma da za a ce maka ta wane ce, in ka ce a kawo takarda sai ka ga an fara kame-kame.

TAMBAYA: Malam na ga wata a kasuwa in ka murɗe kan sai takobi ya fito, mai ita yace ta wani Di'o ce zamanin Turawa. In saya? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni nan da kake gani an taɓa yi min wannan, wani dillali ya fito min da wata daga ƙarƙashin tebur a nannaɗe cikin tsumma yana waige-waige kamar kayan sata, kan tagulla da ɗan kamfas a sama, shi ma cewa ya yi ta Di'o ce, na biya ina murna na yi tsuntuwa. Ba a yi wata biyu ba na shiga wani shago a wani gari na ga irinta sak cike da kwali, ko ledar ba a cire ba. Daga Indiya ake yo su ana shafa musu baƙi.

Na gaske suna nan, ba ƙarya ba ne. Da manyan Turai suka daina yawo da takobi a ƙugu a ƙarni na 18 sai kwagiri ya maye gurbinsa, wasu suka ɓoye takobin a ciki, kuma daga nan aka shiga hikima iri-iri, akwai mai kwalbar sha a ciki, mai tabarau na hangen nesa, mai sarewa, mai ma'aunin tsayin doki da dillalan dawaki ke zarowa a kasuwa, har kamfanin Remington ya yi mai bindiga tun wajen 1858. Ka dubi taka da kyau: in akwai sukuru mai kan kuros to bayan 1930 ne don kafin nan babu shi, in bakin takobin duk kaurinsa ɗaya kamar an yanko shi daga falange to na jiya ne, in kuma kan bai zauna daidai da jikin ba akwai gam yana leƙowa to aure aka ɗaura musu, kai daban jiki daban. Sannan ka tuna makami ne. A Birtaniya tun 1988 aka hana sayar da su sai wanda ya haura shekara 100, kuma ko shi ba a yawo da shi a titi. Kai da kake Gusau a wannan yanayi, a tsayar da kai a shingen bincike a zaro takobi daga sandarka, wane bayani za ka yi?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe duk maganar Turawa kake, namu fa? A gidanmu akwai kandirin kakan kakanmu da yayi dagaci, wani mai sayen kayan tarihi yana ta zarya. Daga wani magidanci a Haɗeja.

AMSA: Ka yi gaskiya Alhaji, kuma ka rufe ƙofa da kyau. Mu ma sanda ba baƙuwarmu ba ce, liman na riƙe da ita kan mumbari, Bafulatani ba ya rabuwa da tasa, ga kandirin sarakai, ga sandar girma da Turawan mulki suka mayar ƙa'ida bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, suna bai wa sarki ranar naɗi gwargwadon darajarsa, abin da gwamnoni suka gada har yau ake cewa an ba wa sarki sanda. Irin wannan ta sarauta ce, ba ta mutum ɗaya ba ce balle ɗa ko jika ya sa ta a kasuwa.

Ta fuskar doka ma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan sassaƙa da na ƙira na gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba kowa ke da izinin saye da sayar da su ba, kuma ba a fita da su waje sai da takardar hukumar. In kandirin ya kai waɗannan shekaru to mai zaryar nan yana neman ja maka ne, ya ba ka na cefane shi ya je ya sayar da dala, a can kuma a rubuta masa "sandar wani basarake daga Afirka ta Yamma" shikenan sunan kakanku ya ɓace. In kuna tsoron ɓata ko rigimar 'yan'uwa ku je gidan tarihi irin Gidan Makama a Kano ku nemi shawarar ma'aikatan, ku tafi da tarihin gidan a rubuce, sunan dagacin, garin, da sarkin da ya naɗa shi.

TAMBAYA: Baba ya zan adana ta kakata kar ta lalace? Naga wani gari-gari yana zubowa daga jikinta. Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: 'Yata wannan garin ƙwaro ne ke cin ta daga ciki, ki yi sauri. Ai ko a Suratu Saba'i gara ce ta ci sandar Annabi Sulaiman alaihissalam har aljanu suka gane ya rasu, itace bai da maƙiyi kamar waɗannan. Ki raba ta da sauran kayan katako yau ɗin nan, ki duba ramukan, in garin fari ne sabo to suna ciki da rai. In itace ne zalla babu haure babu ƙaho, ki naɗe ta a leda ki ɗaure tam ki sa a babbar firiza mai ƙanƙara sosai kamar sati biyu, in kin fito da ita kar ki kwance ledar sai ta kwana ta huce. Kar ki zuba mata kalanzir ko baƙin mai kamar yadda ake yi wa azara.

Bayan nan ki daina jingine ta a lungu, shekara da shekaru a jingine sai ta lanƙwashe, kuma ƙasan na shan danshin daɓe. Ki kwantar da ita a kan wani abu mai tsawo nesa da rana da bakin taga, musamman da hunturu don bushewar iskar nan na tsaga itace da ƙaho. Gogewa kuwa tsumma mai laushi ya isa, sau ɗaya a shekara ki ɗan laƙaci kakin zuma ki murza ki share, man gyaɗa da man ja kar su kusance ta.

Masu turo hoto don Allah ku riƙa ɗaukar kan da wuyan da ƙasan daban-daban, kuma a cikin haske, da yawa abin da nake gani duhu ne da babban yatsa.